Hannun da Na Hana Ya Taɓa Babanmu

Rana ta take, ina tsaye a ƙofar ma'ajiyar kayan da nake gadi a nan Libiya, sai saƙon murya ya shigo wayata. Sa'adiyya ce, matar ƙanena Bashir. Kwana uku ke nan da ta aiko shi, sai ranar nan shabakar waya ta dawo musu ya iso gare ni. Ba ta yi kuka a ciki ba. Cewa ta yi, "Yaya, Bashir ya riga mu. An kai shi bayan la'asar." Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Na faɗi haka da bakina, na ci gaba da buɗe wa motoci ƙofa har lokacin tashina, don babu wanda zai karɓe ni.

Mutanen hillarmu, wato ƙauyenmu na kusa da Rusairis, sun san Bashir da shagon wasan bidiyo. Ɗaki ne guda na kwano, da talabijin biyu da ya sayo a Damazin, da ɗan muwallid, injin wuta, da yake tayarwa in wutar kahraba ta ɗauke. Matasan da ke zuwa ƙwallo suke so su buga a talabijin ɗin. Shi kuwa ransa yana ga wasannin nan na tatsuniya, masu takubba da garuruwan da ba su taɓa wanzuwa ba, kuma a cikinsu akwai wani azzalumi guda da ya fi kowa saninsa: matsafin da ke tayar da matattu ya mai da su rundunarsa.

Idan muka dawo gona muka zauna shan gahawar jabana, sai ya ɗauko mini labarinsa kamar wani maƙwabcinmu. Ya ce ana canza masa suna da tufafi daga wannan wasa zuwa wancan, amma asalinsa ɗaya ne. Da malami ne mai magani, aka yi masa rashi, ya ƙi haƙuri. Ya cire ransa ya ɓoye a cikin wani ɗan tulu don kada mutuwa ta same shi, ya koma yana bin maƙabartu. In ka yaƙe shi da runduna, kai ke asara, domin duk sojanka da ya faɗi tashi zai yi ya koma bayansa. Ba a cin galabarsa sai an gano tulun an fasa. Bashir yakan ce, "Wanga mutum ba ƙarfi garai ba, Yaya. Tsoro garai. Ya kasa rufe nasa mamacin ya koma gida kamar kowa." Ni ma na sha karɓar abin dannawar na gwada, na sha kashi, yana mini dariya. Ina so a riƙe wannan. Na san wasa ne, kuma na san yaƙar matsafin yake yi.

Wata rana wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta leƙa shagon. Ta ga ƙasusuwa suna fitowa daga kaburbura a talabijin, ta ga Bashir riƙe da wani abu yana dannawa, bakinsa na motsi. Ba ta san su yake kashewa ba. Kafin sati ya zagayo, magana ta cika hilla cewa ɗan Malam Haruna yana kiran matattu a cikin akwati. Ban ga laifin tsohuwar ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Bashir kuwa dariya ya yi, ya ci gaba da sayen gyaɗarta.

Sai babanmu ya rasu. A wurinmu 'ya'ya maza ke tsayawa a kan wankan ubansu, su kama ƙafafun angarib, gadon igiyar da za a ɗauke shi a kai, su sauka cikin kabari su karɓe shi. Baffa Idi, ƙanen babanmu, ya ja ni gefe ya ce mutane na magana, bai kamata mai irin wannan suna ya shiga ɗakin wanka ba. Ni ne babba. Kalma ɗaya daga bakina da ta kashe zancen. Amma na ga dattawa sun zuba mini ido, na so a ce ɗan fari ya gaji ubansa. Bashir ya taho ya naɗe hannun jallabiyarsa, na tare ƙofa, na ce masa a gaban jama'a hannun da ke wasa da matattu ba zai taɓa babanmu ba.

Bai yi gardama ba. Ya dube ni ya ce, "To, Yaya." Ya warware hannun rigarsa, ya je ya ɗauki jarka ya yi ta ɗebo wa masu wanka ruwa yana ajiyewa a bakin ƙofa. A maƙabarta can baya ya tsaya tare da baƙi.

Bayan watanni na fito neman abinci. Shekara shida muna waya. Mu yi zancen damina, da farashin dawa, da ciwon ƙafar Inna. Kullum sai in ce a raina abin da na yi masa ranar wankan Baba ba maganar waya ba ce, sai na koma gida na kama hannunsa.

Da yaƙi ya zo, mutane suka yi ta kwararowa daga wajen Sinja suna sauka a makarantar hillarmu. Wuta ta ɗauke, mai ya yi wuya, shago ya rufe. Sai amai da gudawa suka shiga. Masu wankan gawa tsofaffi ne, wasu sun kwanta, wasu tsoro ya kama su, ban kuma zarge su ba. Bashir ya je wurin liman ya ce a koya masa. Ya koyi wanka, ya koyi yankan likkafani, ya ɗauki diga. Baƙin da ba a san danginsu ba shi ke sauka ya karɓe su. Sa'adiyya ta ce ta roƙe shi ya tuna da 'ya'yansa uku, ya ce mata su ma waɗannan 'ya'yan wasu ne. Da Baffa Idi ya cika, Bashir ne ya wanke shi. An ce a hankali ya riƙa juya shi, kamar mai gudun kada ya ji ciwo. Ciwon da Bashir yake binne mutanensa shi ya ɗauke shi cikin kwana biyu.

A da ina jin labarin matsafin nan ina ganin shirme ne na masu zama gaban talabijin. Yanzu na san daga inda irin wannan hauka ke tasowa. Da ana tono mutum, da na roƙi sa'a guda tare da Bashir. Ina neman tsarin Allah daga wannan tunani, amma ba zan ɓoye cewa ya zo mini ba.

Da shabaka ta sake dawowa na kira Sa'adiyya. Bayan gaisuwa na tambaye ta ko ya taɓa yi mata zancen ranar da aka rufe Baba. Ta ce, "Yaya, ba zan yi maka ƙarya ba. Bai taɓa ce mini ya yafe ba, bai kuma taɓa ce mini bai yafe ba. Ko sau ɗaya bai tada maganar ba."

Na gode mata da ba ta lallashe ni ba. Masu yi mini ta'aziyya a nan suna cewa mutum irin Bashir ai ya daɗe da yafewa. Mai yiwuwa ne. Amma ba su da ikon yafe mini a madadinsa, ni ma ba ni da shi.

Ya Allah, ka ji ƙan Bashir ɗan Haruna. Ka wanke shi daga kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka karɓi rasuwarsa a cikin shahada. Ka ba Inna haƙurin da ya fi ƙarfinmu, ka tsaya wa Sa'adiyya, ka raya abin da ya bari a kan shiriya, ka kashe wutar da ke cin ƙasarmu. Ni kuma na bar jama'ar hillarmu shaida: abin da aka faɗa a kansa ƙarya ne, na kuma san ƙarya ne ranar da na tare ƙofa. Hakkinsa yana wuyana har ranar da za a tsayar da mu. Ya Allah, a ranar nan ka sa ya sassauta mini. Amin.