Ƙaramin Ludayin da Bature Bai Gani Ba

Ni mutum ne da ko a gidan makoki sai an riƙe mini baki. Amma akwai labari guda da in na tuna shi, wasa kan tattara kayansa ya bar ni.

A unguwar Barade ta Jalingo na tashi, a gaban kakata ta wajen uba, Bafillatana, muna ce mata Maama. Da an idar da isha'i sai ta hura wuta a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Mun kai dubu. In ka cire ƙaryata, ba mu cika goma ba. Sauron Jalingo na lokacin kuwa in biyu suka haɗa kai sai su ɗauke yaro, shi ya sa muke cusa kai cikin hayaƙi. A ƙofar ɗakinta akwai wani ƙaramin ludayi a rataye, mai ɗinki a baki. Ranar da na sha fura da shi na sha dukan da har yau in hadari ya haɗo sai bayana ya tuna.

"Kai mijin banza, gyara zama," takan ce mini. "Ga ta nan, amma ta yau ba gizo a ciki."

Wai wani Bature ne, likitan masu taɓin hankali, ya zo wata ruga a gindin dutse, da akwatin hoto da tafinta. Yawo yake yana auna hankalin mutane don ya rubuta littafi. Ya tarar an dawo daga binne wani yaro, ɗan fari. Uwar tana zaune cikin surukai tana dama fura, idonta a bushe. Ya sa a tambaye ta sunan yaron. Ta sunkuyar da kai. Ya ce shin ɗanta ne? Ta ce, "Na mutanen gidan ne."

A nan Maama ke toshe hanci ta kwaikwaye shi: "Ba kuka? Ba suna? Wannan mace, zuciya dutse!" Mu kuwa mu yi ta birgima. Ko akuyar gidanmu ta san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, balle ta yi masa kuka a gaban surukai.

"To matar fa, Maama?"

"Ta gama damu ta ba shi ya sha. Baƙo ne ai."

Wannan labarin ba ya da ƙurunƙus. Sai ta tona wuta, ta ce hayaƙi ya dami idonta, kowa ya je ya kwanta.

Bara 'yata Hafsatu, mai karatun halayyar ɗan Adam a jami'a, ta zo hutu ranta a ɓace. An ba su wani tsohon littafin tafiye-tafiye na wani likita Bature, su rubuta ra'ayinsu. Ta nuna mini shafi a waya tana fassarawa: wai soyayyar uwa a wajen mutanenmu ba ta da zurfi, ɗa ya mutu kamar ɗan tsako ya mutu. Na buɗe baki zan yi masa ba'a, sai ta ja shafin zuwa ƙasa. Hoton wata yarinyar mace ne, da zane a gefen baki. Hannunta ɗaya na kan ƙwarya. Ɗayan ya damƙe ƙaramin ludayi mai ɗinki, har jijiyoyin sun fito.

Na tafi unguwar Turaki wajen Goggo, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage.

"Babanku ba shi ne na fari ba," ta ce. "Da ludayin nan Maama take ba wancan kunu."

"Sunansa fa, Goggo?"

"Wa zai gaya mana? Ta tafi da abinta."

Mutum ya ƙetaro teku don auna zukata, ya ɗauki ludayin nan hoto da hannunsa, bai gan shi ba. Sunansa na bangon littafi, ana karanta shi a aji. Nata babu, na yaron babu. Ita kuma abin da kunya ta hana ta faɗa wa manya, shi take ba mu da daddare, muna dariya.

Da na dawo Hafsatu ta tare ni. "Baba, me zan rubuta?"

Ni da ban taɓa rasa magana ba, na ce mata hayaƙi ya dami idona. Ta duba tsakar gida. Ba wuta.