Fuskar Dariyar da Ta Maƙale

A tashar Dakoro, cikin motar Kornaka da ta ƙi cika, Dela tana matse kusa da wani dattijo mai shuɗin rawani, da gani dillalin dabbobi ne. Buhun gero ya tokare masa gwiwa, yana ta miƙa waya ta taga, yana neman rezo, wato sabis.

Idonta ya faɗa kan rubutunsa: "Matsiyaci, ina shanun naka?" An karanta, an amsa: "Na gode." Fuskar dariyar da ya tura daga baya kuwa ta ƙi tafiya.

"Taubashina ne, Hajiya," in ji shi. "Shekara arba'in muna wannan wasa. Yanzu direba ke gaya mini shanunsa sun mutu bana."

Fuskar tana nan tana dariya har da hawaye, dattijon kaɗai take yi wa.