Motar Ladan Mai Durƙuso

Ladan tela a Azare bai taɓa murna irin ta ranar da ya sayi tsohuwar motar alfarma 'yar Kwatano ba. Sai dai ba sifirin ke riƙe da ita ba, iska ce, iskar kuma tana zurarewa. Da an ajiye ta ta ɗan jima, sai ta durƙusa kamar raƙumi, sai an kunna ta sannan ta miƙe. 'Yan unguwa suka laƙaba mata Mai Ladabi.

Gyara ya cinye masa ɗinkin Sallah biyu. Ƙarshe bakanike ya cire kayan iskar, ya ɗaura mata sifirin na ƙarfe. Mota ta tsaya ƙyam! Ladan ya fige ta sai Bulkachuwa, yana ta danna hon, ya nuna wa mahaifiyarsa, Hajiya Mairo, gyaran da aka yi mata.

Hajiya ta dafa ƙofa, ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi.

"Ladan, da can ita ke sunkuyo mini in hau. Wa ya koya mata girman kai?"

Ko ruwa bai sha ba ya juyo Azare. Tun daga bakin gareji yake ƙwala wa bakanike kira: "Maigida, ina ka jefar da kayan iskar nan?"