Gadar da Na Haye Ba da Yaya Ba

Wasan ba ni na nemo shi ba. Wani abokin aikina a lakwal, makarantar da nake koyarwa, shi ne ya zuba mini shi a ordinatata, wato kwamfuta, ya ce in na fara sai na manta da gyaran takardun ɗalibai. Irin wasan yaƙin nan ne na bi da bi: kana da mutum huɗu, ka zaɓa wa kowa abin da zai yi, abokan gaba su yi nasu, sannan a dawo kanka. In ka ga dama ka tashi ka yi sallah ka ci tuwo, dodon yana nan tsaye da takobinsa, bai motsa ba. Na taɓa shi sau biyu na ajiye, don ni Allah bai yi ni da haƙuri ba, kowa a gidanmu ya sani.

A shekarar ne yayana ya faɗi a shagonsa na ɗinki a unguwar Wadata, almakashi a hannu. Hawan jini. Ɓarin damansa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Da aka sallame shi daga asibiti na ɗauko su gidana a unguwar Bobiyel, shi da matarsa. Likita ta gaya mini ƙarara cewa sai an yi ta kai shi gashi, wato a gasa masa gaɓoɓi a motsa su a asibiti, sau uku a sati na watanni, in kuwa ya bari a hanya, hannun nan ya tafi ke nan. Dangi kuma a ƙauyenmu can wajen Maradi kullum suna bugo waya, a maido shi gida a yi na gargajiya. Shi ma Yaya ransa yana gida, lallashi kawai ke riƙe da shi.

Abin da ya fi cin ransa ba hannun ba ne. Mutumin da in ya yi magana a shago kowa ke shiru, yanzu da ya ce "Ina son…" sai a tare shi. Ruwa? Bayi? A juya ka? Duk da niyyar alheri muke yi, wallahi, amma ba mu taɓa barinsa ya kai ƙarshen zance ba. Daga baya sai ya daina farawa.

Lokacin babban hutu ne, damina ta sauka, ba ni da abin yi. Wata rana bayan la'asar na buɗe wasan kusa da katifarsa don in kashe lokaci. Ina shirin sa mai gatari ya kai sara, sai na ji ya yi gyaran murya. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna tsohuwar cikin wasan da ke ba sauran mayaƙan magani. Ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya ce ita za ta fara. Na bi maganarsa, muka ci yaƙin. Ya yi dariya da rabin baki, ya ce da ni, "Mushe, ba ka da kai." Mushe shi ne yadda 'yan lakwal ke kiran malami; rabona da jin wannan tsokana tun kafin ya faɗi.

Daga nan ya zama namu. Wasan da faransanci yake, ni ke fassara masa labarin, ni ke dannawa, shi ke ba da umarni. Ya raɗa wa mutanenmu suna: Tsohuwa, Mai Gatari, Ɗan Baka, da wani siriri da yake kira Ɗan Birni don wai ba ya aikin komai sai ado. Yakan yi minti goma yana kallon fage kafin ya yanke abu guda, kamar yadda yake kallon shadda mai tsada kafin ya sa almakashi. In an ɗauke kuran, wato lantarki, mu ci gaba har batir ya mutu. Matarsa, wadda muke wasa da ita tun ranar da aka kawo ta, ta ce ta ga manyan banza biyu a rayuwarta. Amma ita ce ke tuna mana lokaci. In dangi suka bugo, Yaya da kansa yake karɓa ya ce musu sai mun ƙare. Su a zatonsu gashin yake nufi. Na ji daɗin watannin nan ƙwarai, ban ɓoye ba.

Sai muka iso wata gada da wani ƙaton maciji ke tsaro. Kwana tara yana kashe mu. Ni na ƙosa, har tsaki nake yi, ina ganin abin zai karya masa zuciya ya ce shi ke nan a kai shi gida. Ban lura ba cewa shi bai taɓa yin tsaki ba. Ranar goma, matarsa ta kai shi gashi da taksi, ni kuma na shiga intanet na karanta yadda ake kashe macijin. Cikin minti ashirin na gama da shi, na haye gadar, wasan ya ajiye kansa a kan inda muka tsaya. Ba a komawa baya. Na zauna ina murna, wai na share masa hanya.

Da suka dawo ko ruwa bai sha ba, ya sa ta miƙo masa wani kwali daga ƙarƙashin katifa. Da allin ɗinki ya yi zane a kai, da hannun hagu, layukan duk a karkace: inda Tsohuwa za ta tsaya, inda Ɗan Baka zai fake, wanda za a bari a sare shi da gangan. Ashe kwana uku yana wannan aikin in na fita. Kuma daidai yake da abin da na karanta, har ya fi shi kyau.

Na buɗe ordinata. Ya ga mutanenmu tsaye a ɗaya gefen, rana ta fito, ana kiɗa. Na fara bayani, ina cewa ai don shi na yi, akwai sauran yaƙe-yaƙe da yawa a gaba. Ya ɗago ya dube ni.

"Har kai?" ya ce.

Bai ƙara taɓa zancen wasan ba. Na roƙe shi mu faro daga farko, ya juya fuska bango. Na yi fushi ma, Allah ya yafe mini, na ce a kan wasan yara zai yi mini haka. Da dangi suka bugo ranar Juma'a, ya ce su turo mota. Likita ta yi faɗa, matarsa ta yi kuka, ni na yi rantse-rantse, amma ya tafi.

Wasan yana nan a ordinata, ban san yadda labarinsa ya ƙare ba, ban kuma nema ba. Da hutun ƙaramar sallah na je ƙauye da ita a jaka, ina ta tsara abin da zan ce. Na tarar da shi a zaure, ya rame, hannun dama ya naɗe a ƙirji ya ƙage. Na durƙusa na gaishe shi, na fara zuge jakar. Ya dubi jakar, ya dube ni, sannan ya juya wajen matarsa da ke bakin ƙofa.

"Ki ba baƙo ruwa," ya ce.