Buhun Gyaɗa Daga Ɗanzomo

Tun da Baba ya rasu, yayana ne yake noma gonarmu ta Ɗanzomo, ni kuwa ina aikin gwamnati a Gumel. Duk kaka yakan aiko mini da kasona na ɓararriyar gyaɗa ta hannun wani mai babur, maƙwabcinsa.

Wata shekara buhun ya iso wuyansa a sake, kamar an ɗibi kwano guda. Da matata ta farke ɗinkin, sai ga manyan ƙwayoyi jajaye a sama. Ta zura hannu can ciki, ta fito da ƙanana tsamurarru haɗe da yashi.

"Yaya ya yi mana ado a bakin buhu," in ji ta. "Ko kuma mai babur ya tsaya a hanya."

Maganar ta zauna mini. Na kira Yaya a waya na tambaye shi ko ya cika buhun.

"Har sai da ɗinki ya so ya gagara," ya ce. "Lafiya dai?"

"Lafiya lau."

Muryarsa ma sai na ji ban yarda da ita ba. Na daina sakar wa mai babur fuska. Da na je gida da Sallah, ban ankara ba sai ga ni ina leƙen rumbun Yaya.

Da kaka ta zagayo na ɗauki hutu na tafi da kaina, ban sanar da kowa ba. A gabana aka zuba gyaɗar. Na cakuɗa ta da hannuna, na cika buhu, na ɗinke. Mai babur ya ɗora shi a gabansa, na hau baya, idona a kai. Hanyar da muka bi duk gargada ce.

Muna isa Gumel wuyan buhun ya saki. Na buɗe: manya a sama, ƙanana da yashi can ƙasa.

Mai babur yana tsaye yana kallona.

"Girgiza ce, Malam," ya ce. "Ƙananan ne suke zurarewa ta tsakanin manyan su cike gurabe, shi ya sa buhu yake kwantawa. Ko tsakuwa ka ɗauko haka take yi."

Nan na gane ya daɗe da sanin zargin da nake yi masa. Na ce ya shigo ya ci abinci, ya ce yana sauri.

Matata ta ce wannan bai wanke na bara ba, tunda ba a gabanmu aka cika ba. Ban yi mata musu ba. Yaya kuwa bai taɓa tambayata dalilin zuwana ba. Daga shekarar dai, idan an gama ɓara, waya yake yi mini in zo in ɗauka.