Yadda Mama Ta Ƙi Cin Abinci a Istanbul

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen 'ya'yana, ba na jin zan manta yadda mahaifiyata ta kusa kashe kanta da yunwa a Istanbul, garin da duk inda ka juya abinci ne.

Aikin gwiwa ne ya kai mu Turkiyya. Yayana da ke Abuja ya shirya komai, ni kuma da yake malamin makaranta ne a Kafanchan kuma muna hutu, aka ce in raka ta. An yi aiki lafiya. Sai dai tun a asibiti, in an kawo tire, Mama ta ɗaga murfi, ta duba, ta rufe. Shayi kawai take kurɓa. Bayan an sallame mu zuwa masauki ma haka. Da muka koma a duba ta, likita ya ja ni gefe ya ce in ta ci gaba da ramewa zai mayar da ita gado ya sa mata ƙarin ruwa, maganar komawa gida kuwa babu. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Na ɗauka abincin ne bai yi mata ba. Na yi ta tambayar inda ake cin abincin gargajiya na gaske, kowa ya nuna mini tsohon gari, wajen manyan masallatai masu dogayen hasumiyoyi. Na tura ta a keken marasa lafiya muka je. Tebura da farin ƙyalle, ma'aikata sun sha guga kamar masu zuwa ɗaurin aure. Aka kawo kebab, wato tsirensu, da shinkafa da burodi mai zafi. Mama ta rufe ido, ta yi doguwar addu'a, ta ce amin, ta turo mini farantin. Na cinye. Washegari muka sake wuri, ta sake addu'a, na sake cinyewa. Allah ya gani, ba da son raina na yi ƙiba a wannan tafiya ba.

Ran nan yayana ya bugo waya yana faɗa, wai an ba ni amanar tsohuwa na kasa. Ina ajiye wayar na hau Mama da faɗa.

"Mama, don girman Allah me kike so? So kike ki mutu a ƙasar mutane?"

Ta dubi farantin da ke gabanta, ta ce, "Wa ya dafa?"

"Masu dafawa suna ciki mana."

"Ka gan su? Abinci ya fito ta rami a bango kamar tikitin jirgin ƙasa. Wa zan ce wa sannu da aiki? Ni ba kaza ba ce da za a watsa mini in ci."

A ƙauyenmu wajen Manchok, mace irin Mama ba ta sa hannu a kwano sai ta leƙa wajen murhu ta gaida mai girki, in ta gama kuma ta koma ta yi godiya. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa cin abinci a otel ba. Na san haka sarai, amma ban zaci al'adar ta biyo mu cikin jirgi ba.

Da rana ina tura ta a wani lungu bayan kasuwa, sai ta ce, "Tsaya." Wani ƙaramin shago ne, ta taga ana ganin mata biyu da ɗankwali zaune a ƙasa, suna murza ƙullu da siririn itace suna gasawa a kan ƙarfe mai zafi. Mama ta ɗauki sandar da likita ya gaji da roƙonta ta riƙa amfani da ita, ta miƙe, ta shiga. Ta gaida babbar cikinsu da yarenmu, ta tambaye ta gajiya, da maigida, da yara. Matar ta amsa da Turkanci, ita ma da tsawo. Na miƙa wayata don ta fassara musu, babu wadda ta kalle ni.

Aka ba Mama kujera kusa da wuta. Matar ta zubo wata miya mai tsami-tsami, kamar faten da ya sha yakuwa, ta haɗa da burodin nan mai laushi da aka cusa wa alayyaho da cuku. Addu'ar ranar gajeriya ce. Mama ta ci, ta suɗe kwano, ta miƙa a ƙara. Na juya ina nazarin bango, don kada matan su ga ƙaton malamin makaranta yana hawaye a kan miya.

Da muka fito na ce, "Yaya abincin?"

Ta ce, "Gishiri bai ji ba. Amma matar tana da hannu."

Kullum can muke zuwa har likita ya ce mu tafi gida.

Yanzu in masu zuwa sarin kaya Turkiyya sun tambaye ni inda za su ci abinci, sai in ce su bar manyan tebura, su shiga lungu su nemi inda ake ganin fuskar mai dafawa. Abin da na koya kuwa shi ne, in tsoho ya ture faranti, a fara tambayarsa dalili kafin a sake miya.