Haƙorin Inna

Lokacin da muke Jihar Sakkwato, aikina a ɗakin haƙori na Birnin Kebbi shi ne wanke kayan aiki da dafa su. Awartakin cire haƙori, ɗan madubin baki, ƙarfen sassauta saiwa, duk ta hannuna suke bi. Ni kuwa mutum ne mai gajen haƙuri, sai Allah ya haɗa ni da sana'ar gadin tukunya.

Aikin ba ya son sauri. Da ruwan sanyi da buroshi ake fara cuɗe jinin, don ruwan zafi dafa shi yake a gaɓar ƙarfen. A buɗe bakin kowane awartaki, a jera a tukunya, ruwa ya sha kansu. Ba a fara duba agogo sai ya tafasa.

Wata-wata mukan je Argungu ranar kasuwa cire wa mutane haƙori, ni da direba da likitanmu, wani mutumin Filato marar yawan magana. Ran nan da damina mutane suka yi mana yawa, har kananzir ɗin risho ya ƙare kafin la'asar. Na wanke kayan, na ce dafawa sai mun koma gida. Hadari ya haɗo daga gabas. Ina fitowa zubar da ruwa na hango mace ɗaya ta rage a gindin bishiyar bedi, kumatunta ya kumbura har ido ya ƙanƙance. Inna ce.

Ni ne ɗanta na fari. A garinmu Gulma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi. Tun safe ta zo, ta gan ni a bakin ƙofar ɗakin da muke aiki, sai ta riƙa barin mutane suna wuce ta, don kada a ce ta shiga gaba saboda ɗanta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kunyar nan ta hana ta magana, ga shi ba ni da ƙarfe ko ɗaya dafaffe.

Likita ya duba bakinta ya ce haƙorin ba zai kai wata mai zuwa ba. "Ba ni dafaffen kaya, in cire," in ji shi.

Direba ya ce, "Wanga hadari ba ya jiran kowa. Ga su nan ka wanke awa azurhwa. A shahe su da sifirit mu tahi."

Da ƙyar na haɗiye zagin da ya zo mini. Bakin mutum nawa ƙarafan nan suka shiga yau? Na sungumi tukunyarmu na yi kasuwa da gudu, wurin wata mai suyar kifi. Ta sauke kaskonta ta ba ni murhu.

"Malam, miyar ƙarhe kaka dahwawa?" ta ce. Ban yi dariya ba.

Itacen da danshi. Na yi fifita, na hura, na tashi, na tsuguna, na leƙa hanya, na dawo. Direba yana ta danna oda. Iska ta fara kwasar tabarmin 'yan kasuwa, ruwan tukunya kuwa kamar da gayya. Da ya tafasa sai zuciya ta ce haka ma ya isa. Na tura hannuwana a aljihu, na tsaya ina kallon agogo ina cizon leɓe har lokaci ya cika. Wajen tsiyaye ruwan, tururi ya ƙone mini yatsu. Mai kifi ta kama mini kunnen tukunya ɗaya, muka kawo ta a rufe.

Ni na riƙe kan Inna likita ya cire. Rabona da taɓa ta tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kaka. Idonta a rufe har aka gama.

Ta gyara lulluɓi, auduga a baki. Ba ta dube ni ba. Sai ta juya wajen mai kifi ta ce:

"Ki ce ma wancan shi sa hannu nai cikin ruwan sanyi."

Muna tashi ruwa ya sauko. Direba ya yi ta mita in rufe gilashi kujera tana jiƙewa. Har muka wuce Ambursa hannuna yana waje.